Kati ɗaya a buɗe: nazarin wani rabo a gasar foka

Ni ne mai rabo a teburin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gaban hannuna aka yi shi. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi inda aka yi gasar ba, lambar kujera ta isa. Daga farko zuwa ƙarshe abin bai kai minti bakwai ba, amma har yau idan hira ta haɗa ni da masu rabo ko alƙalan gasa nakan jefo shi, kuma ba a taɓa tashi baki ya zo ɗaya ba.

Wasan shi ne Teksas Holdem marar iyakar zubi. Kowa yana da kati biyu a rufe, sai a shimfiɗa biyar a tsakiya: uku a tare, sannan na huɗu, sannan na biyar, ana zubi a tsakaninsu. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi cikin bakwai shi ke kwashe tarin, in dai bai tsorata ya ajiye tun a hanya ba. Abin da mai karatu ke bukata ya riƙe a nan kaɗan ne. 'Yan uku, wato kati uku masu lamba ɗaya, sun fi tagwaye, wato biyu masu lamba ɗaya. Fulash, wato kati biyar masu alama iri ɗaya, ya fi 'yan uku. Uku-da-biyu kuma, wato 'yan uku da tagwaye a haɗe, ya fi fulash.

Mutum 19 suka rage a tebur uku, 18 za a biya. Duk wanda ya taɓa zama a gasa ya san babu gaɓa mai zafin wannan. Wanda ya faɗi yanzu ya tashi hannu Rabbana bayan ya shafe yini a kan kujera, wanda ya faɗi bayansa da minti ɗaya kuwa yana da abin sa wa a aljihu. Shi ya sa ake rabo ɗaya-ɗaya: kowane tebur ya gama nasa, a jira sauran, sannan a sake rabawa, don kada wani ya ja ƙafa yana jiran wani ya riga shi faɗuwa. Zubin dole 1,000 ne da 2,000, mai babban zubi kuma yana ƙara 2,000 na shiga. Kenan kafin kowa ya duba katinsa akwai kwabban wasa 5,000 a tsakiya.

Mutum bakwai ne a gabana, amma uku ne labarin ya shafa. A kujera ta 3 akwai wani saurayi da 14,000, ruwa ya kusa kai masa wuya. A kujera ta 6 wata mata da 60,000, wadda tun da na zauna ban ji muryarta ba sai in za ta faɗi adadin zubi. A kujera ta 9 kuma wani mai 150,000, wanda ya fi kowa tari a teburin, ya kuma fi kowa baki. Zan kira su Saurayin, Matar da Mai Tari.

Yadda abin ya faru

Saurayin ya tura duka nasa. Matar ta amsa. Mai Tari, wanda babban zubi ke kansa, ya leƙa katunansa ya ƙara 12,000 ya cika. Tarin farko ya zama 45,000, kuma iyakar abin da Saurayin zai iya ci ke nan. Duk abin da sauran biyun suka zuba daga nan tarin gefe ne, nasu su kaɗai.

Na shimfiɗa ukun farko: K na zuciya, 9 na zuciya, 4 na shebur. Mai Tari ya ƙwanƙwasa tebur ya wuce. Matar ta zuba 12,000, ya amsa. Tarin gefe ya zama 24,000, ita kuma saura 34,000 a gabanta. Kati na huɗu ya faɗo, 2 na zuciya. Zuciya uku ke nan a ƙasa. Ko numfashi bai ja ba ya ce ya zuba duka.

Matar ta yi shiru. Ta jera kwabbanta, ta rushe, ta sake jerawa. Sauran teburan sun gama nasu, mutane sun fara tasowa suna leƙe ta bayan kujeru. Saurayin ya haɗa tafin hannunsa biyu a kan katunansa, idonsa a kan koren ƙyallen tebur, ba ya kallon kowa. An kusa minti biyu a haka sai na ga yatsan Mai Tari ya ture kwabon da ya danne katunansa da shi, ya zaro ɗaya, ya ɗan riƙe shi a tsaye kamar mai shawara da zuciyarsa, sannan ya kwantar da shi fuska sama. A na zuciya.

Ya ce, "Baiwar Allah, ga rabi kyauta. Ɗayan sai kin biya."

Kafin in buɗe baki, wani dattijo a kujera ta 1, wanda ya ajiye nasa tun farko, ya ce, "Ai shi ke nan. Wa zai nuna wannan in bai haɗa ba?"

Na ɗaga hannu na kira alƙalin gasa. Yana isowa Matar ta riga ni: "Yallaɓai, ya buɗe katinsa ana cikin wasa. Hannunsa ya mutu." Alƙalin bai amsa mata ba sai da ya ji daga bakina, don ƙa'ida ce mai rabo ne ke ba da labari tukuna. Na faɗa masa yadda aka yi har da maganar dattijon. Ya ce, "Hannunsa yana nan da rai. Katin zai zauna a buɗe yadda yake. Shawara taki ce, ki amsa ko ki ajiye. Shi kuma in an gama akwai magana tsakanina da shi." Ya juya ga kujera ta 1 ya ce, "Baba, ba ka cikin rabon nan. Kada in sake jin bakinka."

Ta ƙara rabin minti, sannan ta wurgo katunanta a buɗe: 9 da 9. 'Yan uku ta ajiye.

Zubi ya ƙare, akwai wanda ya zuba duka, don haka doka ta ce a baje katuna kafin a fitar da na biyar. Saurayin ya buɗe Q na shebur da Q na daimon. Mai Tari ya juya ɗaya katin nasa yana murmushi: 4 na daimon. Babu fulash. Tagwayen 4 ne da fatan zuciya ta biyar. Zauren ya ɗauki hayaniya. Na ƙona kati, wato na ture na sama gefe a rufe, na fitar da na ƙarshe, 7 na ganye. Saurayin ya kwashe 45,000, Mai Tari ya ja tarin gefe 24,000, Matar ta zauna da 34,000, alhali da ta amsa da 137,000 ne a gabanta kuma da an shiga kuɗi. Alƙalin ya tayar da Mai Tari daga tebur na zagaye ɗaya, wato rabo bakwai, gwargwadon yawan mutanen da ke zaune.

Lissafin da ke ƙarƙashin katin

Mutane da yawa a wurin sun ce Matar tsoro ta yi. Ban yarda ba. Za ta sa 34,000 ne don ta ci 103,000 da ke ƙasa, kenan tana bukatar ta yi nasara kusan sau ɗaya cikin huɗu kafin amsawar ta biya kanta. Kafin a buɗe katin, 'yan ukunta sun fi yawancin abin da mutum irin Mai Tari zai iya turo duka da shi: K mai ƙarfi, tagwaye biyu, ƙananan 'yan uku, ko burga tsagwaronta. Da A na zuciya ya bayyana, hankalinta ya koma kan abu ɗaya. In har ɗayan ma zuciya ne, kati 10 ne kawai cikin 44 za su cece ta ta hanyar ba ta uku-da-biyu ko 'yan huɗu, kuma wannan bai kai ɗaya cikin huɗu ba. Ƙara da cewa in ta faɗi a nan tana iya tashi ba ko sisi. Ajiyewar tana da hujja.

Akwai masu cewa da ta natsu da ta karanta abin a juye, domin mai kaya mai kyau ba ya korar mai saye: wanda ya riga ya haɗa fulash mafi girma so yake a amsa masa, ba zai tsorata abokin karawa ba. Wannan magana ce mai ma'ana, sai dai a irin wannan gaɓar an sha ganin mai tari ya nuna kati don tausayi, ko don ya nuna shi ɗan halak ne. Ita ba ta da hanyar sanin wanne ne a gabanta, kuma ainihin aikin katin ke nan.

Yanzu a duba ta wajen Saurayin, don nan ne nauyin lamarin yake. Idan aka cire katuna 10 da muka sani, 42 suka rage. Da Matar ta amsa, kati ɗaya tak zai bar shi a gasar, Q na ganye. Ko Q na zuciya ba zai yi masa rana ba, don shi zai cika wa Mai Tari fulash. Ɗaya cikin 42. Da ta ajiye, ya rage shi da Mai Tari, wanda kati 13 ne kawai za su ba shi nasara: zuciya 9, A guda 3, da 4 na ganye. Saurayin ya tashi daga 1 cikin 42 ya koma 29 cikin 42, ba tare da ya motsa yatsa ba.

To wa aka cuta? Matar, wannan a fili yake. Amma akwai wasu mutum 16 da kowannensu ya kusa shiga kuɗi a wannan rabon, 12 daga cikinsu ma ba a teburin suke ba, ba su ga katin ba, ba su ji abin da aka faɗa ba. Ga mai 150,000 jinkirin ba komai ba ne. Ga mai 6,000 a tebur na biyu, wanda zubin dole ke tunkaro shi, bambancin shiga kuɗi da fita hannu wofi ne.

Wannan shi ne tushen dokar. Yawancin manyan gasa a duniya suna bin ƙa'idojin TDA, ƙungiyar shugabannin gasar foka da Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001 don a daina samun doka daban a kowane gida. A cikin ƙa'idojin akwai cewa wajibi ne ɗan wasa ya kare haƙƙin sauran 'yan gasa a kowane lokaci, ko yana cikin rabo ko ba ya ciki: ba ya faɗin abin da ke hannunsa ko abin da ya ajiye, ba ya ba da shawara, ba ya karanta hannun da ba a baje ba. Akwai kuma cewa wanda ya buɗe kati alhali akwai sauran zubi yana iya fuskantar hukunci, amma hannunsa ba ya mutuwa, kuma hukuncin yana farawa ne bayan an gama rabon. Alƙalinmu bai ƙirƙiro komai ba.

Me ya sa ba a kashe hannun ba?

Wannan ce tambayar da Matar ta yi ta maimaitawa a lokacin hutu, kuma na fahimci zafin da take ji. Amma a nan ina bayan alƙalin ɗari bisa ɗari.

A shekarun da na yi ina rabo, cikin masu buɗe kati ana cikin wasa mafi yawansu kuskure ne. Wani ya ɗauka kowa ya ajiye, bai lura da katunan da wani ya rufe da hannu a ƙarshen tebur ba. Wani ya ji kamar an ce "na amsa" alhali tambaya aka yi. Wani hannunsa ne ya yi rawa. Waɗannan sun riga sun hukunta kansu, domin abokin karawa ya ga abin da suke riƙe da shi. A ƙara musu da kashe hannu zalunci ne. Sannan da dokar ta ce duk wanda ya buɗe ya mutu, da an buɗe wa 'yan wayo sabuwar sana'a: mutum ya ɗauko kwabbai ya yi kamar zai tura, ko ya yi gunaguni mai kama da amsawa, ɗan uwansa ya yi saurin bajewa, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce a kira alƙali. Da hukuncin ya zama makami a hannun wanda ya fi iya tarko.

Akwai dalili na uku da ban cika jin ana faɗa ba. A lokacin da alƙalin yake tsaye a bayana, babu wanda ya san mene ne ɗaya katin. Ba zai leƙa ya gani sannan ya yanke hukunci ba, dole hukuncin ya zama iri ɗaya ko zuciya ne ko ba zuciya ba. A ce zuciya ne, Mai Tari ya haɗa da gaske, ya nuna don ya ɗaga mata ƙafa. Laifin yana nan, sai dai ya juya fuska: ya ceci mutumin da ya kamata ya faɗi, sauran 'yan gasa ne suka biya. In aka kashe hannunsa a wannan yanayin, an miƙa wa Matar tarin da ba ta ci ba, an kuma yi mata sakayya ita kaɗai a kan laifin da aka yi wa mutum 18. Hukunci a cikin tari kullum wani yake azurtawa. Hukunci a wajen tari, wato a tayar da mutum zubin dole yana cin kwabbansa, shi ne wanda ba ya sauya wanda ya ci rabon.

Inda na rabu da alƙalin shi ne girman hukuncin. Zagaye ɗaya a wannan matakin 5,000 ne. Mai Tari ya tashi da 146,000, ya dawo ya tarar da 141,000. Abin da katin ya saya masa kuwa? Da ta amsa, sau 34 cikin 42 zai yi asarar ƙarin 34,000. Ban da wannan, duk wanda ya san gasa ya san babu mai jin daɗin wannan gaɓa ta gab da shiga kuɗi kamar mai babban tari, don kowa yana tsoron taɓa shi, yana ta kwasar zubin dole ba mai ce masa kanzil. Saurayin da ya rayu ya tsawaita masa wannan kakar. Ban ce ya lissafa duk wannan kafin ya juya katin ba, ba na ganin zuciyar mutum. Amma mutumin da aka ci tararsa 5,000 a kan abin da ya kawo masa ninkin-ba-ninkin hakan, ba hukunta shi aka yi ba, farashi aka faɗa masa. Ƙa'idojin sun ba alƙali dama daga gargaɗi zuwa rabo ɗaya, zuwa zagaye da yawa, har zuwa kora daga gasa, kuma ƙa'idar farko ta ce adalci da maslahar wasa su ne gaba da komai. Ni da zagaye uku zan ba shi.

Da na faɗa wa alƙalin haka daga baya, amsarsa ita ce: laifin farko ne, kuma abin da ya ba wasu a kan irin wannan laifin a ranar shi zai ba wannan, don kada a ce yana duba fuska. Zan dawo kan maganar "laifin farko".

Hujjar Mai Tari

Bai tashi shiru ba. Yana tsaye bayan igiya ya ce da alƙalin, "Yallaɓai, ka gaya mini. Na yi mata ƙarya da kwabbai, ba wanda ya ce uffan. Na nuna mata gaskiya da kati, ka tayar da ni. Wane irin wasa ne ake yarda da ƙarya a hana gaskiya?"

An yi dariya, amma tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba shi ya fara yin ta ba. Turo dukan da ya yi halal ne a dokar wasa. Wasu suna ganin rashin kyautawa ne mutum ya yi burga ya kori abokin da zai taya shi fitar da mai ƙaramin tari, amma wannan ra'ayi ne, ba doka ba, hasali ma in mutum biyu suka furta cewa za su wuce har ƙarshe don su fitar da na uku, su ne suka yi haɗin baki. Da Matar ta ajiye saboda turon kawai, babu mai bakin magana. Kuma tarihin wasan cike yake da maganganun da aka yi a tsakiyar rabo suka zama abin tunawa. A 1998, a rabon ƙarshe na babbar gasar duniya ta WSOP a Las Begas, Scotty Nguyen ya gaya wa Kevin McBride cewa in ya amsa komai ya ƙare. McBride ya amsa, komai ya ƙare. Gaskiya Nguyen ya faɗa. Daniel Negreanu, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan zamanin nan, ya sha sukar dokar hana magana a kan kati, yana ganin tana cire wa wasan wani ɓangare na gwaninta.

Sai dai a lura da inda Nguyen yake lokacin da ya yi maganar. Su biyu suka rage a duk gasar. Babu mutum na uku da maganar za ta taɓa, ko a teburin ko a wani. Wanda ya fi kama da lamarinmu shi ne Jamie Gold, wanda ya ci wannan gasar a 2006 cikin mutum 8,773, ya tafi da dala miliyan 12. Ya yi suna da gaya wa abokan karawa abin da yake riƙe da shi, wani lokaci gaskiya wani lokaci ƙarya, har a teburin ƙarshe ya haska wa wani kati ɗaya ana cikin rabo, kuma ba a hukunta shi ba. Surutun da ya biyo baya yana cikin abin da ya sa aka ƙara matsa wa dokar. Shekara 10 bayan haka, a 2016, shugaban gasar Jack Effel ya tayar da William Kassouf na zagaye ɗaya saboda yadda ya dami Stacy Matuson da baki da alamu tana cikin tunani, bai ma buɗe kati ba.

Amsata ga Mai Tari ita ce kwabo da kati ba yare ɗaya suke yi ba. Zubi magana ce da kowa ya yarda da ita tun da ya zauna, kowa yana da ikon ya ƙaryata ta, kuma mai yin ta yana sa dukiyarsa a kai. Kati a buɗe shaida ce, ba a ƙaryata ta. In aka halatta ta, abokai biyu da suka haɗu a tebur ɗaya sun sami hanyar kauce wa juna a bainar jama'a: ka nuna mini, in ajiye, mu jira baƙo ya faɗi. Daga waje kuma babu yadda za a bambanta wanda ya nuna don burga da wanda ya nuna don ceton abokinsa, motsin hannun iri ɗaya ne. Shi ya sa dokar ba ta tambayar ko gaskiya ka nuna ko rabin gaskiya. Ba yaudara take yaƙi da ita ba, haɗin baki take toshe wa ƙofa, kuma ƙofar ɗaya ce.

A wasan kuɗi na kai tsaye, inda kowane rabo yake zaman kansa kuma wanda ya ƙare yana iya sake saye, gidaje da yawa suna barin mutum ya nuna kati in su biyu ne kawai a tarin, don babu na ukun da zai cutu. Ina jin wannan al'adar ce Mai Tari ya shigo da ita. Amma ko a can ɗin, abin da ya yi ba zai wuce ba, domin ba su biyu ba ne. Su biyu ne ke da sauran zubi, amma hannu uku ne ke da rai. Mutumin da ya zuba duka ba ya iya ƙari, ba ya iya ajiyewa, ba ya iya kare kansa da komai, makomarsa tana hannun sauran biyun. A wannan karon katin ya taimake shi. Da katunan sun zo a wani tsarin, da shi katin zai kashe.

Sauran masu hannu a ciki

Dattijon kujera ta 1 ya tsira da gargaɗi, amma a ganina maganarsa ta yi ɓarna kusan daidai da katin. Ƙa'idar ita ce mutum ɗaya, hannu ɗaya. Matar tana tsakiyar auna abu biyu, sai ga murya daga gefe, daga wanda ba shi da ko kwabo a tarin, ta ɗora nauyi a gefe ɗaya. Na ga idonta ya je kansa ya dawo. Ba da mugunta ya yi ba, bakinsa ne ya riga shi, kuma irin wannan ya fi yawa a tebur fiye da kowane laifi.

Ita ma Matar ta buɗe nata da za ta ajiye, alhali ana son a tura kati a rufe, ƙasa-ƙasa. Amma zubi ya riga ya ƙare, babu shawarar da ta rage wa kowa, don haka ba wanda ya tanka. Da akwai wani a bayanta da bai yi magana ba, da labarin ya sha bamban. Wannan ne ma'aunin kusan duk dokokin buɗe kati: akwai wanda bai yanke shawara ba tukuna? Ita ma tsohuwar ƙa'idar nan da ke cikin dokokin da Bob Ciaffone ya tattara, cewa in ka nuna wa ɗaya ka nuna wa kowa, daga nan ta fito, don kada wani ya san abin da wani bai sani ba.

Sai ni. Kusan awa ɗaya kafin wannan rabon, Mai Tari ya ce wa wani ana cikin wasa, "Wallahi ba ni da komai, amsa ka gani." Bayan nan ya karkata katinsa ya nuna wa maƙwabcinsa shi kaɗai kafin ya turo mini. Duka biyun laifi ne, kuma aikina ne in tsawatar, in ya maimaita in kira alƙali. Dariya na yi tare da kowa, don mutumin yana da ban dariya kuma teburin yana cikin nishaɗi. Da na yi abin da ya kamata, ko dai da bai juya A ɗin ba, ko kuma da alƙalin ya zo ya tarar da laifi na uku, ba na farko ba. Hukuncin da nake cewa ya yi sauƙi, da hannuna a cikin sauƙinsa.

Mai Tari ya dawo bayan rabo bakwai ya tarar har yanzu mutum 19 ne. Cikin rabo huɗu na gaba ya kwashe uku ba tare da kowa ya amsa masa ba. A na huɗun ne aka ji tafi daga tebur na biyu: mai 6,000 ɗin nan, wanda zubin dole ya cinye har ya koma tura ragowar ba tare da zaɓi ba, ya faɗi a matsayi na 19.

An canje ni a daidai lokacin, na fito shan iska, muka haɗu da shi a bakin ƙofa yana zuge jakarsa. Ya ce, "Malam, wai hayaniyar me aka yi ɗazu a teburinka?" Na ce wani ne ya buɗe kati ana cikin rabo. Ya ce, "An kashe hannunsa?" Na ce a'a, zagaye ɗaya aka ba shi. Ya gyaɗa kai ya ce daidai ne, haka dokar take. Ya saɓa jakar a kafaɗa, ya yi mini sai da safe.